Ɗorawar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Ruwa

Ni manomi ne, ɗan manomi. Har na kai shekara talatin ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba. Gonarmu ta gado tana gangare kusa da kogi, ta wajen garin Turawa. Gyaɗa da dawa muke nomawa, a tsakiyar gonar kuma akwai wata ɗorawa da ko kakana tarar da ita ya yi. Da aka tare kogin aka yi dam, a farkon shekarun casa'in, sai aka ce mu tashi mu koma tudu. Mahaifina bai ga wannan ba, ya riga ya rasu. Kowa ya hau itatuwansa da gatari, tunda ruwa zai ci su a banza. Na sassare rassan ɗorawar muka yi itacen girki, amma gangar jikinta da manyan rassa biyu sun fi ƙarfin gatarina, sai na bar su a tsaye. Bayan damina biyu ruwa ya rufe su ruf, ko alama ba a gani.

A wajenmu ɗorawa ba kamar sauran itatuwa ba ce. Idan ka ba mutum aron gona, hatsin da ya noma nasa ne, amma 'ya'yan ɗorawar da ke ciki na mai gona ne, ko da ya shekara goma bai taka wurin ba. Mahaifiyata da kalwar wannan ɗorawa take yin daddawa tun kafin a haife ni. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don a ga inda tunanina ya karkace.

Ruwa na cika, masunta suka fara zuwa daga nesa, da kwale-kwalensu a bayan manyan motoci. Mai unguwa ya rarraba su gida-gida. Mu aka ba mu wani dattijo daga wajen Yawuri, dogo, siriri, mai furfura a gemu, ya sauka a zaurenmu. Kayansa duka tabarma ne da buta da kwale-kwale ɗaya, sai wani ƙaton buhu da ba ya yarda kowa ya zauna a kai. Ina ce masa Baba. Shi kuwa tun ranar farko da ya ga kantar tafin hannuna ya fara ce mini manomi, bai damu da sunana ba. Hausarsa ta yamma ce, yara har kwaikwayonsa suke yi. Zan rubuta maganarsa da irin tamu, don ban iya tasu ba.

Gonar da muka samu a tudu tsakuwa ce. Shekarar farko abin da na girbe bai kai mu watan azumi ba. Wata rana na durƙusa gabansa na ce ina so ya koya mini su. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ka iya iyo?"

"A'a, Baba."

"Ka taɓa shiga jirgi?"

"A'a."

"To madalla. Gara wanda bai san komai ba. Gobe da safe."

Washegari ina shiga kwale-kwalen na miƙe tsaye, don ni a sanina aiki a tsaye ake yinsa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a cikin laka ba, mata masu wanki a bakin ruwa suna ta sheƙa dariya. Baba ya jawo ni ta wuyan riga.

"Zauna, manomi. A nan da gindi ake aiki."

Ya miƙo mini filafili, wato katakon da ake tuƙi da shi. Na damƙe shi da hannu biyu na fara kai wa ruwa sara, jirgin yana ta juyawa a wuri ɗaya.

"Kai! Me ruwan nan ya yi maka? Ba ciyawa ba ce. Lallaɓa shi za ka yi, ka tura shi baya a hankali, shi zai kai ka."

Sati uku yana ɗora mini ƙirji a kan gora yana riƙe da haɓata har na iya iyo, ni da nake da mata da 'ya'ya biyu. Nutso ne dai ban iya ba, har yau kuma ban iya shi sosai ba. Daga nan ya haɗa mini mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa da ake shimfiɗawa a ruwa a dawo a duba. Ya ɗauki wani tsohon silifana shuɗi da ya tsinke, ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ya ɗaure a jikin igiyar don ta riƙa tasowa. Ranar da na kama tarwaɗata ta farko ya ƙi taɓa ta. Ya ce in kai wa Inna, mahaifiyata, da hannuna.

Shi ne kuma ya faɗa mini cewa kifi yana son itacen da ruwa ya rufe, nan tarwaɗa take ɓuya, nan karfasa take taruwa. Yana faɗa zuciyata ta tafi kan ɗorawarmu. Na ɓoye masa zancenta. Duk ranar da ya tafi kasuwar Ƙaraye da bandar kifi, sai in ɗauki jirgin in nufi can ni kaɗai. Ina gane wurin da wani suri da ke bakin gaɓa, idan ya yi daidai da kukar da ke bayansa, to ina saman ɗorawar. Kifin da nake samu a wurin ya ninka na ko'ina. A raina na ce wannan ai 'ya'yan ɗorawarmu ne suka canza kama. Ruwa ya ci gonar, amma itacen namu ne, abin da ke cikin rassansa ma namu ne. Wata rana mamarin ya sarƙe a ƙasa, na ja har igiyar ta tsinke. Da Baba ya tambaye ni, na ce a wajen tsohuwar hanya na shimfiɗa shi, ban san wanda ya ɗauke ba. Bai yi faɗa ba, ya zauna ya haɗa mini wani. Wannan ita ce ƙaryata ta farko.

Bayan wata biyar da zuwansa ya kwance bakin buhun nan. Taru ne, irin babbar ragar da ake zagaye ruwa da ita da jirgi, sannan mutane su tsaya a gaɓa su jawo ta. Da muka baza shi a fili ya kusa kaiwa daga ƙofar gidanmu har masallaci. Ya ce da hannunsa ya saƙa shi, ƙulli bayan ƙulli, shekara uku.

"Idanuna ba za su sake yin wani ba," in ji shi. "Shi ya sa tun da na zo ban jiƙa shi ba. Ruwan nan sabo ne, ƙarƙashinsa gari ne da gonaki. Ni na san ruwa, kai ka san ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Na ba ka nawa, manomi. Yanzu ka ba ni naka."

Kwana goma muna zagaye, ina tuƙi ina nuna masa. Nan rijiya ce. Nan tsamiyoyi uku ne a jere. Nan katangar wani gida ce. Shi kuma sai ya dubi gaɓa ya riƙe alama a kansa, ba ya mantawa. Da muka zo saman maƙabarta na faɗa masa, ya ce in ɗaga filafili. Muka bar jirgin yana tafiya da kansa, ya ɗaga hannu ya yi wa mamatan addu'a, har da mahaifina da bai taɓa gani ba. Bai taɓa sa ƙugiya a wurin ba.

A rana ta goma muka iso inda suri yake daidai da kuka.

"Nan fa?"

"Nan fili ne, Baba. Gonar gyaɗa ce."

"Ba itace?"

"Babu."

"Ko kututture?"

"Wallahi ko kututture babu."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon gaɓa, muka wuce. Na ji sanyi a raina, na ɗauka na rabu da shi. Lissafina na manomi ne: shi da bakinsa ya ce kifi na bin itace, to idan ya ji babu itace zai ɗauka wurin ba shi da amfani, kamar yadda muke wuce faƙo ba mu waiwaya ba. Ban gane ba cewa duk kwana goman nan fili yake nema. Mai ƙugiya ne yake son itace. Mai taru shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake so, wadda ba abin da zai riƙe masa raga.

Da la'asar muna zaune a zaure, Inna ta leƙo da ƙwaryar fura, ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ɗanki ya samo mini wuri. Jibi za mu sa taru a gonar gyaɗa."

"Wace gonar?" in ji ta.

Na yi caraf na ce, "Ta can gaba da tamu, Inna."

Ta dube ni kaɗan ta koma ciki.

Kwana biyu Allah Ya ba ni in gyara, na kuma san abin da zai faru sarai, don yanzu na gane. Kalma huɗu ko biyar ce kawai. Amma na riga na rantse, kuma idan na faɗi ɗorawar dole in faɗi mamarin, in faɗi ranakun kasuwa. Sai na riƙa kewaye-kewaye.

"Baba, ko a fara gwada wajen tsohuwar hanya?"

"Can ai duwatsu ne, kai ka faɗa."

"To ko a bari ruwa ya ƙara ja baya?"

"Me ke damunka ne? Tsoron jan igiya kake yi? Mutumin da ya saba da garma?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila itacen ya ruɓe ya faɗi, wataƙila tarun ya bi ta gefe. Alhali wata ɗaya bai cika ba da ya cinye mini mamari.

Ranar da safe ya samo mutum huɗu cikin masunta suka tsaya a gaɓa da bakin igiya. Ya yi bisimilla, ya shafa tarun kamar mai shafa doki. Ni ke tuƙi, shi yana zaune a gaba yana sakin ragar a ruwa, muna yin babban zagaye. Ina kallon suri yana matsowa kusa da kuka. Da suka haɗu na buɗe baki.

"Baba."

"Na'am?"

Ya juyo, hannunsa cike da raga, fuskarsa a sake. Tun da ya zo ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Ba komai," na ce.

Muka rufe zagayen, aka fara ja daga gefe biyu. Da farko yana tahowa, kifi har tsalle yake a ciki, mutanen gaɓa suna ihu. Can sai igiya ta miƙe ta tsaya cik. Suka ƙara ƙarfi. Baba ya daka musu tsawa su tsaya, ya ce in mayar da shi. Ya bi igiyar da hannu har inda ta nutse, ya tuɓe rigarsa ya faɗa ruwa.

Ya daɗe kafin ya taso. Ya kama gefen jirgin yana haki.

"Itace ne. Babba."

Na ce, "Wataƙila ruwa ne ya kawo shi."

"Wanda ruwa ya kawo a kwance yake zuwa. Wannan a tsaye yake, da saiwarsa."

Ya sake nutsewa. Mutum ne da ya haura sittin, wurin kuma ya kai tsayin mutum uku. Ina zaune ina riƙe da filafili ina kallon kumfa. Ya taso, ya koma. Ya taso, ya koma. Yana ƙoƙarin zare ragar daga rassan nan biyu da gatarina ya bari da tsini. Ɗaya daga mutanen gaɓa yana ƙwala masa kira ya haƙura, bai saurara ba. A karo na shida da ya taso, jini na bin gefen wuyansa daga kunnen hagu. A hannunsa akwai wata igiya da ta yi gansakuka, da ƙugiyoyi masu tsatsa, da guntayen silifa shuɗi.

Na taimaka masa ya hau. Ya ajiye igiyar a cikin jirgi, tsakanina da shi, ya ɗan daidaita ta da yatsa. Bai dube ni ba. Ruwa na ɗiga daga gemunsa. Can ya ce, "Miƙo wuƙa."

Da hannunsa ya yanke tarun. Abin da aka jawo gaɓa bai kai rabi ba, gefe da gefe ne kawai. Tsakiyar, inda saƙar ta fi ƙarfi, inda kifi ke taruwa, tana can ƙasa. Mutanen suka kewaye shi suna salati, ɗaya ya ce ai an ce ɗan gari ne ya nuna wurin, yana harara ta. Baba ya dafe kunnensa ya ce, "Ƙaddara ce. Ni ne ban duba da kyau ba." Ya naɗe igiyar mai silifa ya sa a aljihu don kada su gani. Da ya tona mini asiri a gabansu, ko ya mare ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Da muka koma gida Inna ta tare ni a tsakar gida.

"Ɗorawar mahaifinka ce ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara arba'in ina tsintar kalwarta. Ban taɓa hana maƙwabciya ta cika zaninta ba. Mahaifinka ma bai taɓa korar matafiyi daga inuwarta ba. A ina ka koyo wannan?"

Ba ta jira amsa ba. Daga ranar ita take kai wa Baba abinci da kanta, ba ta ba ni in kai.

Zazzaɓi ya kama shi, kunnen ya riƙa fitar da ruwa. Na ɗauke shi a keke na kai shi Ƙaraye aka ba shi magani, zazzaɓin ya sauka, amma kunnen hagu bai sake ji ba. Idan ya shiga jirgi kuma jiri yake ɗibarsa. Ya zauna da mu har kaka. Kullum yana zaure da ragowar tarun a cinyarsa, yana kai shi kusa da ido, yana yanka ƙananan raga daga ciki yana ba masu buƙata. Bai daina koya mini ba. Ya ƙarasa nuna mini yadda ake gane iska tun kafin ta taso, da yadda ake bandar kifi ba ya ƙonewa, da yadda ake toshe jirgi idan ya fara yoyo. Abu ɗaya ne ya canza. Bai sake ce mini manomi ba. Ya koma ce mini mai masauki, da ladabi, kamar ranar da aka fara kawo shi.

Sau nawa na zo ƙofar zauren da niyyar in durƙusa, sai in tarar da wani a wurinsa, in ji daɗi a ɓoye in juya. Idan kuma shi kaɗai ne, sai in tambaye shi jiki in wuce.

Ranar da zai tafi na ɗauki buhunsa, wanda yanzu yaro ma zai iya ɗauka, na raka shi bakin titi inda zai sami motar Rogo, daga can ya kama hanyar gida. Tafiya ce mai ɗan nisa a cikin gonaki, an yanke dawa, karan na kwance. Ina tafe ta damansa. Na san wannan ce dama ta ƙarshe. Abin da na yi kuwa shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, ya fi ƙaryar kanta. Na rage sauri, na zagaya ta bayansa, na koma hagunsa. Sannan na ce, a hankali, "Baba, ka yafe mini. Na san da itacen."

Ya ci gaba da tafiya, idonsa na kan hanya.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina ai na roƙe shi gafara, shi ne bai amsa ba. Amma ni na kai shi wajen magani. Na san kunnen da yake ji da wanda ba ya ji. Zaɓa na yi.

A bakin titi ya ce jirgin ya bar mini, jiri ba zai bar shi ya zauna a ciki ba, ɗaukarsa wahala ce kawai. Ya yi wa Inna addu'a, ya yi wa 'ya'yana. Da motar ta tsaya, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya juyo.

"Mai masauki, ka sa alama a wurin nan. Wani zai zo da taru."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa kan maganar ke nan. Na buɗe baki, yaron mota ya buga ƙofa, suka tafi.

Washegari na ɗaura gora da igiya da dutse na kai saman ɗorawar. Da goran ya fashe na sa jarka. Duk lokacin da igiyar ta ruɓe ina canza ta, har yau. Ban sake shimfiɗa mamari a wurin ba, ko da kuwa ranar ban kama komai ba. Na yi ta cewa idan na sami sarari zan je Yawuri in neme shi. Damina ta zo, rani ya zo, ban je ba. A shekara ta huɗu wasu masunta suka zo daga wajensu, na kwatanta musu shi, dattijo dogo mai ji da kunne ɗaya. Ɗayansu ya ce ya san shi, ya rasu bara, a gidan 'yarsa. Ya ce tun da ya dawo bai ƙara shiga ruwa ba. Na tambaye shi ko ya taɓa ba da labarin yadda aka yi tarunsa ya salwanta. Ya ce abin da yake faɗa kawai shi ne ya sauka a gidan mutanen kirki, tsohuwar gidan ta riƙe shi kamar ɗan'uwa.

Da jirginsa na ciyar da iyalina har katakonsa ya gaji. Da abin da ya koya mini na aurar da 'ya'yana. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina roƙon Allah gafara, amma malamai sun gaya mana haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe, ni kuma ban ba shi damar ya yafe ko ya ƙi ba.

Yanzu duk baƙon masunci da ya sauka a wajenmu, kafin ya jiƙa ragarsa nake sa shi a jirgi in kai shi wajen jarkar. In ce masa, nan akwai ɗorawa, ta mahaifina ce, a tsaye take da rassa biyu, kada ka kawo taru nan. Ina faɗa da ƙarfi, ina kallon fuskarsa, in tabbatar ya ji. Sukan yi mini godiya, wasu har su ce samun ɗan gari mai gaskiya irina sai an tona. Sai in juya jirgin mu koma gaɓa.